Ranar da Hajiya Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Gwaggo Safara'u, yayar mahaifina, ita ce 'yar fari a gidan Malam Inuwa tela da ke Rafin Guza. Shi ya sa mahaifiyarta, Hajiya Binta, ba ta kiran sunanta. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da: ba a ambaton sunansa, ba a yi masa wasa a gaban jama'a. Idan Hajiya za ta aike ta, sai ta dubi ƙannen ta ce, "Ku gaya wa yayarku ta kai wa Malam ruwa," ko da kuwa Gwaggo tana tsaye a gabanta. Akwai wata mai awara a layinsu da ta ci sunan, ita ma "mai sunan wance" Hajiya take ce mata.

Gwaggo ta yi makarantar koyon jinya, ta yi aure a Kinkinau. Ta fara aiki a ɗakin haihuwa, daga baya aka mayar da ita ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, na'urori na ta ƙara a kansu. A nan ta yi furfura. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ba ta son a zauna mata a kan gadon mara lafiya, kuma ba ta shan shayi sai ya huce sarai.

Abin da ta fi sa wa ido a aikinta shi ne ruɗewar da kan kama marasa lafiya a wannan ɗaki, musamman tsofaffi bayan tiyata. Mutum ya manta inda yake, dare da rana su cakuɗe masa. Takan ce, "Wanda yake ihu yana fizge robar ƙarin ruwa, ai kowa ya gan shi. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya yi lamo, dangi na ta yabonsa da haƙuri." Tana kuma gargaɗin sababbin ma'aikata kada su tambayi mara lafiya irin mutanenmu "ya jiki?" su ɗauka sun gwada hankalinsa, don ko bai san duniyar da yake ba zai ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ita dangi take ja gefe ta tambaye su, "Mene ne ba ya yi idan yana cikin hayyacinsa?"

Shekarar da hanjin Hajiya ya toshe, a asibitin da Gwaggo ke aiki aka yi mata tiyata, aka kwantar da ita a ɗakin nasu. Ƙa'ida ba ta yarda mutum ya yi jinyar mahaifiyarsa ba, sai aka damƙa ta hannun Sista Esther, ƙawar Gwaggo tun suna makaranta, wadda ta ci tuwon gidan Rafin Guza har ta gaji.

Jiki ya fara kyau. Likita ya ce gobe za a mayar da ita babban ɗaki, inda ma'aikaciya ɗaya ke duba gadaje da yawa. Da la'asar mahaifina, Labaran, yana zaune kusa da ita sai Gwaggo ta shigo bayan ta tashi aiki. Hajiya ta dube ta ido cikin ido.

"Safara'u, zo nan kusa da ni."

Gwaggo ta tsaya cak. Hajiya ta miƙo hannu ta kama nata. "Safara'u 'yata, kin ci abinci kuwa? Duk kin rame."

Mahaifina ya fara share hawaye da hularsa. "Allahu akbar. Yaya, kin ji? Yau dai kin ji."

"Na ci, Inna," in ji Gwaggo. Ta ɗan zauna da hannun a cikin nata, ba ta yi gaggawar saki ba. Sannan ta miƙe ta je ta sami Esther.

"Kada a fitar da ita gobe."

"Haba Safara'u! Matar da ta gaishe ni ɗazu har ta tambayi yara?"

"Ta kira sunana."

Esther ta ajiye abin da ke hannunta. "Mama? Da bakinta?"

Suka dawo tare. Esther ta sunkuya ta ce, "Mama, a ina muke yanzu?"

"A gida mana. Ba ki ji keken Malam yana ta ƙara ba? Ɗinkin salla ya yi masa yawa."

Na'urar da ke kanta take nufi. Malam Inuwa kuwa ya daɗe da rasuwa. Esther ta ce ta matse mata hannu duk lokacin da ta ji an ce "ruwa". Ta shiga jero kalmomi, Hajiya ta matse sau ɗaya, sai idonta ya tafi wani wuri. Aka kira likita, ya saurare su, ya fasa fitar da ita, ya sa aka yi gwaji. Ashe ƙwayar cuta ce ta shiga ta robar fitsari, zazzaɓi bai ma kai ga fitowa ba. Da an kai ta babban ɗaki a matsayin wadda ta ji sauƙi, da sai abin ya yi nisa kafin a farga.

Mahaifina bai gamsu da wuri ba. "Yaya, anya ba iska ba ce? Ko in kawo malam?"

"Kawo addu'a, ban hana ka ba. Amma abin da ke damunta an gan shi, kuma yana da magani. Ka je gida ka ɗauko mata tabarau da carbinta. Kuma idan ta ce maka Malam na nan yana ɗinki, kada ka yi mata gardama, kada kuma ka biye mata. Ka ce, Inna, a asibiti kike, an yi miki aiki, ni ne Labaran."

Washegari ruɗewar ta juya, Hajiya ta shiga kai hannu tana neman cire roba. Esther ba ta ɗaure mata hannu ba, carbin ta sa mata a ciki. Aka riƙa yaye labule da safe don ta ga rana, ana gaya mata duk sallar da ta yi, ana rage hayaniya idan ta samu barci. Maganin kuma yana aikinsa.

Wata safiya Gwaggo ta leƙo ta gaishe ta. Hajiya ta amsa a ciki-ciki, ta kawar da kai wajen bango, ta yafito Esther.

"Ki gaya wa ƙawar nan taki ta tafi gida haka nan. Ta bar mutum da yara babu abinci."

"Wace ƙawar tawa, Mama? Ai suna da yawa."

"Kin san ta."

"To ki faɗi sunan mana. Ai rannan kin faɗa, har sau biyu, Labaran ne shaida."

"Ni? Esther, ki ji tsoron Allah! Da girmana?"

Gwaggo ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce wa Esther, "Kira likita. Yanzu kam a fitar da ita."