Lurwanu, Wanda Ya Raba Ordinata da Buhun Hatsi

"Ka ba su kod ɗin ke nan."

"Ban ba kowa kod ba, Shef."

"To ina buhunan? Kasuwa ta ci tun hantsi, motocin ƙauye duk sun shigo, Auta direba ya tahi tasha ya komo hannu rabbana. Ko ordinata guda ba a aiko ba. Ƙaƙa sunka gyaru can daji? Aljannu sunka gyara su?"

Mai tambayar Malam Sharifu ne, shugaban buro, wato ofis, na wani furoje, shirin agaji mai yaƙi da tamowar yara a Tasawa da Mayahi. Yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Wanda ake tambaya Lurwanu ne, mai kula da na'urorin furojen, kwamfutocin da ake ce wa ordinata. Bai tashi daga kujerarsa ba.

"Ƙohwa guda na buɗe musu. Ta mizajur. Su danna da kansu, na'ura ta sabunta kanta. Bayan wannan ba abin da za su iya sawa, ba abin da za su iya hiddawa."

"Wa ya ba ka izini?"

Lurwanu ya dubi tebur.

"Da kai nike. Manyanmu na Yamai sun san da zancen ga?"

"Tun rani nike roƙonsu. Da na yi ma na hwaɗa musu. Ba su amsa ba."

"Shirunsu shi ne izininka? C'est interdit, an hana, ka hi ni sani!" Sharifu ya jawo kujera ya zauna. Muryarsa ta sauka. "Haba ƙanena. Kana da mata da ɗiya. Ba tsari ka taɓa ba, tuwonka ka taɓa."

"Na sani."

"Ka sani, ka yi?"

"Na sani, na yi."

Daga wannan rana aikin Lurwanu ya fara suɓuce masa. Shi ake yi wa jinjinar nan. Yana raye, yana nan cikin Tasawa. Wanda bai san shi ba, ga shi.

Shekaru masu dama, kafin mai shara ta iso buro ya riga ta. Zai buɗe taga, ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi da tsumma. Sai waya ta fara. Ma'aikatan furojen ba a buro suke ba, suna warwatse a ƙananan asibitocin ƙauye, tun daga Cake har Isawan, inda gona ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Kowa da ordinatarsa, kowa da kukansa. "Mai kod, ta yi baƙi ƙirin." "Mai kod, ta koma yi min Turanci." Ba ya dariya, ba ya tsawa. Zai ce, "Mi kike gani gabanki? Karanta min." Haka har la'asar.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa aikin ba. Da ordinata ma'aikaci ke aika buƙatar abincin yara masu tamowa, ƴan ƙunshin nan na gyaɗa da madara. In buƙata ba ta shiga ba, magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ba ta fidda ko kwali ɗaya, ko wa ya roƙa a waya. Ita kuma ordinata tana son mizajur lokaci-lokaci, wato a sabunta mata tsarin da take gudana a kai. In ta yi jinkiri, babban rumbun bayanai na Yamai ya daina karɓar saƙonta. Mizajur ba ya shiga sai da kod, lambar sirri ta mai iko. Kod ɗin kuwa a kan mutum ɗaya yake.

Dokar ba ta banza ba ce. An taɓa sakin kod a hannun kowa. Wani ya zuba wasanni da finafinai, cuta ta shiga ta cinye bayanan yaran gunduma guda. Lurwanu ne ya kwashe wannan ɓarnar. Tun daga nan ya kulle bakinsa. Shef ɗinsa ma bai san kod ɗin ba.

To yaya ordinatar Isawan za ta iso wurin kod a Tasawa? A buhu. Wannan dabarar mutanenmu ce, ba a Yamai aka koya musu ba. A naɗe na'ura da zane, a tura ta tsakiyar rabin buhun hatsi don kada gargadar hanya ta fasa ta, a ɗinke baki, a rubuta suna da gawayi, a ba direban motar kasuwa. Lurwanu ya farke ɗinki, ya tono ta, ya hure ƙaiƙayi, ya yi mata mizajur, ya mayar ya ɗinke. Sai wata kasuwar ta koma gida. Tsakanin kasuwa da kasuwa, ma'aikaci ba shi da hannu. Ƴan tasha har suna suka sa wa buhunan: hatsin Lurwanu. Akwai ranar da gawayi ya goge, buhu ya bi kayan wata mata, bai tsaya ko'ina ba sai wurin mai injin niƙa. Mutumin ya zura kwano ya ji ƙwas. Auta, direban buro, shi ya je karɓowa. Ya ce ya tarar da mai injin yana ta salati, yana cewa shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin hatsi ya haifi tele ba.

Aka yi dariya. Aka ci gaba da ɗinkin buhuna. Abin tsoron ke nan: kowa ya saba. Manya da hankalinsu, shekara da shekaru, ba wanda ya tsaya ya ce wannan wane irin aiki ne.

Sai damina ta zo da ƙarfi. Gulbi ya cika, motar kasuwa ta daina ƙetarawa. A daidai lokacin ordinatar A'i ta rufe. A'i ita ce ma'aikaciyar Isawan, mace mai baki, ba ta iya ajiye magana a ciki. Kwalayenta sun ƙare. Ta kira magaza, aka ce ta shigar da buƙata. Ta kira Lurwanu.

"Malam Lurwanu, don girman Allah ka hwaɗa min kod ɗin ga. Ni kaɗai. In na gama in mance shi."

"Ba ni iyawa, A'i."

"Mata na zaune bakin ƙohwata tun sahe. Wata daga rugga ta taso a ƙasa, goye da ɗa kamar tsinke. Mi zan ce mata? In ce ta jira kasuwa?"

"Ba ni iyawa."

"Allah shi isa tsakanina da kai."

Ta kashe. Auta yana wurin. Ya ce Lurwanu ya daɗe riƙe da wayar a kunne bayan maganar ta yanke. Sannan ya miƙe ya ce a kai shi bakin gulbi.

Motar buro ta tsaya inda ruwa ya fara. Auta ya ce, "Mai kod, ka iya ruwa?" Ya ce a'a. "To hauka kake ji?" Lurwanu ya fito daga mota. Ya tuɓe takalma, ya ɗora jaka a ka, ya gai da wani makiyayi da ke ƙetarar da garkensa, ya kama wutsiyar saniya. Ruwa har ƙirji. Auta ya ce shi dai ido ya rufe yana kiran sunan Allah. Da ya buɗe, mutumin na can ƙetare durƙushe yana aman ruwa. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke shi.

A Isawan bai ja gaisuwa ba. Ya ce A'i ta juya baya. Ya buga kod. Suka hau da na'urar kan tudun bayan asibiti, inda rezo, layin sadarwa, ke kamawa, suka zauna a rana suna kallon layin mizajur yana jan ciki. Da buƙata ta shiga, ya sauko. A nan ne ya ga matan da kyau. Suna jere a inuwar bango, ba mai magana. Yaran ma shiru. Ya tsaya cak. Ya tambayi A'i me ya sa ba sa kuka.

"Da wane ƙarhin?" ta ce.

Can ta ƙara, ba da faɗa ba wannan karon: "Yau ka zo, na gode, ka yahe min bakina. To Cake hwa? Can ma ta kusa ruhewa. Gulbi nawa za ka ƙetare?"

Ya koma Tasawa da zazzaɓi. Da ya ji sauƙi ya zauna gaban na'urarsa, ya shiga wurin da Yamai ta ce kada a taɓa sai da sa hannunta. Bai yi gaggawa ba. Ya gwada a kan ordinatar buro: mizajur ya shiga ba kod. Ya gwada sa wasa, ta ƙi. Ya gwada goge wani abu na tsari, ta ƙi. Sannan ya sake wa kowa, ya bi su a waya yana koya musu inda za su danna, yana nanata musu su tabbata batir ya cika kafin su fara. Bai ɓoye sawunsa ba. Da sunansa ya shiga, kuma a ranar ya sanar da Yamai. Shef kaɗai ya ƙi gaya wa, don kada laifin ya zama na mutum biyu.

Kai ne, Lurwanu. Kai ne ka hana kod ranar da hanawar ta fi bayarwa ciwo, aka ja maka Allah ya isa ka haɗiye. Kai ne ka shiga ruwan da ba ka iya ba. Da ka ga dama da ka raɗa wa kowa kod a kunne, a yi ta aiki da shi a ɓoye, ba mai sani, kujerarka na nan. Ka ƙi. Ka riƙe amanar da aka ba ka, ka karya dokar daidai inda take cutar yara, ka tsaya a fili kowa na ganinka. Mijin Mardiya, mai ɗinkakken baki, sannu.

Wannan karon Yamai ta amsa. Da sauri ma. Aka ce ya taɓa tsari ba izini, kuma furoje ba zai riƙe mai iko da na'ura da ke yanke hukunci shi kaɗai ba. Sharifu ya yi ta kira, ya roƙa, ya rantse, har ya ce ai shi ya sa shi. Lurwanu ya karɓi wayar daga hannunsa ya ce, "Ba haka ba ne. Shef bai sani ba." Aka sallame shi, aka canza kod. Ya zuba burushinsa da tsummansa a leda. Auta ya ce bari ya sauke shi gida, ya ce a'a, motar aiki ce.

Ba wanda ya yarda da farko. A'i ta ji a waya ta ce ƙarya ne. Ta sake kira ta ce a maimaita mata. Har yau abin ya ƙi zama a kai. Mutum ya rufe ramin da kowa ke faɗawa, a ce shi ne mai laifi.

Aka turo wani daga Yamai, Haisam, don ya mayar da tsari yadda yake a dā. Mutumin kirki ne, aiko shi aka yi. Kafin ya taɓa komai ya bincika na'urorin duka. Ba wadda ta kamu da cuta, ba wadda ta yi jinkiri. Ya faɗa wa waɗanda suka aiko shi. Ba a mayar ba. Kafin kaka ta wuce sai ga umarni: daga yanzu duk burorin furojen, a kowace jiha, su bi wannan hanya. Har suna aka raɗa mata na Faransanci mai daɗin faɗa. Sunan Lurwanu ba ya ciki.

Yau yana kasuwar Tasawa, a wata rumfar kwano, yana gyaran wayoyi. Har yanzu wasu ma'aikatan ƙauye shi suke kira in na'ura ta rikice, kuma yana ɗauka. Wani abokinsa ya taɓa tambayarsa ko ya yi da-na-sani. Ya juya wayar da abokin ya kawo gyara ya ce, "Wannan ruwa ta sha. Ka komo jibi."

Mun gode, Lurwanu. Uwayen da suka samu kwali a kan lokaci ba su san sunanka ba, ba kuma za su sani ba. A madadinsu, mun gode. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ku kuma masu riƙe da makullin wani abu, a asibiti ne, a makaranta ne, a buro ne, ku dubi mutumin nan. Ku tashi daga kujera ku je ku ga wanda ke jiran sa hannunku, ku ga fuskarsa. In kun roƙi na sama sun yi shiru, kada ku saba. Ba za a ce muku abin ba ya cin mutum ba. Kun dai ga yadda ya ci wannan.

Ranar da aka tara ma'aikatan ƙauye a buron Tasawa don karanta musu sabon umarnin, an zo da baƙo daga Yamai, an raba lemu. Baƙon ya yi bayani da Faransanci, Haisam na mayarwa Hausa: ci gaba ne, an saurari kukan ma'aikata, a tafa. Aka tafa sama-sama. Sharifu bai tafa ba, ƙasa yake kallo. Auta na tsaye a taga.

A'i ta ɗaga hannu. Ba ta jira an ba ta dama ba.

"Ranka shi daɗe, abin ga da kunka ce mu tahwa mishi, shi ne dai wanda Malam Lurwanu ya yi?"

Baƙon ya dubi Haisam. Haisam ya ce a hankali, "Shi ne, Madam."

"Ba a canza komi ba?"

"Ba a canza ba."

Ta ajiye lemunta a ƙasa, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta dubi baƙon, ta dubi Shef, ta bi ɗakin duka da ido.

"To in daidai ne har kunka ce ƙasa duka ta yi, shi mi ya sa yake zaune kasuwa yana gyaran waya?"