Kawu Attahiru da Mota Mai Cin Hayaƙinta

Ku da kuka san Kawu Attahiru na Argungu, ai kun san yatsan nan nasa na tsakiya. Ba ya karɓar abu sai ya lanƙwasa shi ya ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas, ya kara kunne, sannan ya kanne ido ɗaya ya ce, "Mi ac ciki?" Kankana ce, buhun albasa ne, rediyo ne, kwalin magani ne daga asibiti, duk sai sun sha ƙwanƙwasa. Inna Hajo, matarsa, ta rantse mini cewa ranar da mai neman 'yarsu ya zo gaisuwa, sai da Kawu ya ƙwanƙwasa masa kafaɗa. Ni ban gani ba, amma wallahi ban musa ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Sanusi, kuma a gidansa na tashi, saboda haka na san 'Yar Barkono tun tana amarya. Motarsa ke nan, ja wur, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin ta tsere da samari ke mafarki. Daga Kwatano ya shigo da ita shekarar da albasa ta yi masa rana. Ranar da ta iso, abokansa na kasuwa suka ce, "Haba Alhaji! Dattijo kamarka da motar yara?"

Ya ce, "Mota mai ƙohwa huɗu ta dangi ta. Wagga kujera biyu gare ta: guda tawa, guda ta albasa."

Haka kuwa aka yi. Buhu a kujerar gefe, har bel yake ɗaura masa. Giyar hannu ce da ita, kulocinta sai mai ƙashi, sitiyarinta kamar kana murɗa wuyan bijimi. Ƙara kuwa, tun yana kan titi manoman fadamar Augie ke miƙewa daga cikin shinkafa suna cewa ga Alhaji nan tafe.

Ana nan sai Bashiru, babban ɗansa da ke aiki a Fatakwal, ya shirya wa mahaifinsa abin mamaki. Kamfanin da ya ƙera 'Yar Barkono ya fitar da sabon samfurinta, Bashiru ya sayo, ja kamar waccan, ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gida ya ajiye ta gefen tsohuwar. Unguwa ta cika. Shi kuma yana tsaye yana ta murmushi, yana jiran a sa masa albarka a gaban jama'a.

Kawu ya fito da buta a hannu. Ya ajiye butar. Ya zagaya motar a hankali, kamar mai taya saniyar da yake zaton ta sata ce.

"Baba, ƙanwar taka ce," in ji Bashiru. "Kamfani ɗaya."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Ya ƙwanƙwasa 'Yar Barkono, ta ce ƙwal. Ya ƙwanƙwasa gaban sabuwar, ta ce ɓus.

"Roba! Bashiru, bokiti ka sawo mini?"

Bashiru ya yi bayani cewa da gangan aka rage mata nauyi don ta ƙara gudu. Kawu ya leƙa ciki, sai ga wasu 'yan kujeru biyu a baya, ko akuya sai ta takure. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To. Dangi sun samu hanya. Wa yab ba kamhwanin shawara cikinku?"

Sannan ya miƙa hannu a ba shi makulli. Bashiru ya ce ai babu, maɓalli ake dannawa da yatsa ta tashi.

"Shi ɓarawo ba ya da yatsa?"

"A'a Baba, sai wannan ɗan abin yana aljihunka take tashi. Tana jin sa."

Kawu ya ja da baya ya dafe aljihu. "Tana jin abin da ke aljihuna? Inna Hajo ma ba ta kai nan ba!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Bashiru ma ya yi, amma na ga tasa ba ta kai ciki ba.

Washegari Kawu ya ce ba zai sa ƙafa a cikinta ba sai Emeka ya gani. Emeka kuwa shi ne mai shagon kayan gyaran mota a Birnin Kebbi, ɗan Anaca da ya tsufa a cikinmu har Kabanci ya zauna masa a baki. Shi kaɗai Kawu ya yarda da shi a duniyar mota, shi ma rabi da rabi. Muka jera: Kawu a gaba cikin 'Yar Barkono, ni da Bashiru a baya cikin sabuwa, da sharaɗin kada mu kuskura mu wuce shi.

Aka buɗe gaban motocin biyu a ƙofar shago. Na tsohuwa komai a fili, ga waya ga bututu, kamar tukubar mai tsire. Na sabuwa an lulluɓe shi da baƙin murfi.

"Kun gani?" in ji Kawu. "Mi anka ɓoye?"

Emeka ya cire murfin. Kawu ya ƙirga filogi. Tasa shida, sabuwa huɗu.

"An sace biyu."

"Ba a sace ba, Alhaji," in ji Emeka. "Haka anka yi ta. Kuma da huɗun nan ta hi taka ƙarhi, ta hi ta gudu, ga shi ba ta shan mai kamar taka."

"Ƙato shida na noma, ƙato huɗu na noma, kuma huɗu sun hi shida? Wa ka taimakon su?"

"Turbo, Alhaji."

"Tabo? Sabuwa hul, kuma da tabo?"

Emeka ya share hawayen dariya, ya nuna masa wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi a gefen injin. Ya ce hayaƙin da ya kamata ya fice ta salansa, shi ake tarewa ya juya wata 'yar fanka, fankar ta cusa wa injin iska da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Kawu ya shafa gemu. Can ya ce, "Tsaya in gane. Abin da taz zubar, shi taka komawa ta ci?"

"Kusan haka na, Alhaji."

"A'uzubillahi! Ko kare sai yunwa ta yi yunwa."

Ya nemi ƙarfen nan da ake zarowa a duba baƙin mai, aka ce babu, ita ke rubutawa a allon gabanta in mai ya yi ƙasa. Ya ce, "Ita ag ga tuhuma, kuma ita ka ba da shaida?" Ya buɗe but neman tayar ko-ta-kwana, nan ma wayam, sai ɗan famfo da kwalbar gam. Da Emeka ya ƙara da cewa kada a kuskura a zuba mata man 'yan bumburutu, sai mai tsabta na gidan mai, Kawu ya tafa hannu. "Mai cin hayaƙi kuma ita ad da tsantsani!"

Da ƙyar muka lallashe shi ya tuƙa sabuwar a hanyar komawa, aka bar 'Yar Barkono a shagon Emeka sai gobe. Bashiru a gefensa, ni a ƙudundune a kujerar dangi, gwiwoyina a haɓa. Ƙafarsa ta hagu sai laluben kuloci take a inda babu, hannunsa na kai wa giyar da ba ta buƙatarsa. Da muka bar gari, ya ce bari ya ga ƙaryar ƙarfin da ake faɗa, ya take totur har ƙasa.

Motar ta ɗan yi jim kamar ba ta ji ba. Sai muka ji wani siririn fito, fiiiii, sai kawai ta zabura. Hular Kawu ta faɗo a cinyata. Itatuwan bakin hanya suka koma zare.

"Innalillahi! La'ilaha illallahu! Bashiru, riƙe ta!"

"Baba, kai ke tuƙi! Ɗaga ƙafarka!"

Da ya samu ya tsaya a gefen titi, ya daɗe yana haki. Na miƙa masa hula. Na ɗauka zai ce ya sallama. Ina!

"Kun ji abin da ni ji? Na ba ta umurni, ta tsaya ta yi shawara da wani. Sannan ta yi mishi hito, yaz zaka. 'Yar Barkono in na taka ta, ni da ita na, babu na ukku."

Amma babbar nasararsa sai da muka shiga hanyar fadama. Ya lura cewa duk gurnanin da motar ke yi kamar zaki, awakin bakin hanya ko kunne ba su kaɗa ba, alhali 'Yar Barkono tun daga nesa take watsa su. Ya tsaya, ya fita, ya ce Bashiru ya taka totur. A waje, ɗan gunaguni kamar injin ban ruwa. Ya dawo ciki ya rufe ƙofa, ya ce a sake. Gurnani! Ya fita, ya shigo, ya sake fita. Sai ya durƙusa ya manna kunne a jikin ƙofa, daidai inda sautin rediyo ke fitowa. Ya ɗago a hankali, fuskarsa na walƙiya.

"Sanusi, kira mini Emeka."

Na kira, na sa a bayyane. Emeka ya ɗan yi tari, ya ce, "Gaskiya na, Alhaji. Turbo na danne ƙarar inji, masu saye kuwa suna son ƙara. Shi ya sa anka ƙara mata sauti ta lasifika."

Jama'a, ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da ya dawo daga Makka. "Kaset! Kaset taka sa muna! Ta ari muryar yayarta tana burga!" Kafin sallar la'asar labari ya gama Argungu. A masallaci ya faɗa, a kasuwar albasa ya faɗa, har masunta a bakin gulbi sai da ya tsayar ya ba su.

Bashiru kam ya cika fam. Ya same shi a zaure ya ce, "Baba, in ba ka so, sai in koma da ita."

"Ka koma da ita? In ka tahi da ita wa zai sa mata ido?"

Aka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, aka rufe da tamfol. Duk Juma'a Kawu da kansa yake yaye tamfol ɗin ya wanke ta tas, wai bincike yake. Ya ci gaba da hawan tsohuwarsa. Bashiru ya koma Fatakwal a motar haya. A tasha ya ce da ni, "Sanusi, tun ina yaro ban taɓa kawo wa Baba abu ya ce madalla ba. Sakamakon jarrabawa ma sai ya ɗaga shi a rana ya duba ko na jabu ne." Daga nan zuwansa gida ya ragu, waya ma sai gaisuwa a tsaitsaye.

Sai gwiwa ta fara hana Kawu taka kuloci. Bayan gwiwa, ciwo ya shiga ciki. Aka kwantar da shi a asibiti a Birnin Kebbi, Bashiru ya baro aiki ya zo ya zauna da shi. Da likita ya ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, Kawu bai tambayi kowa abin da hakan ke nufi ba. Cewa kawai ya yi a je Argungu a ɗauko masa ta ƙarƙashin tamfol.

Muka kwantar masa da kujera, Bashiru ya kama tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ni kuma a mazaunina na baya. Rana ta yi sanyi, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Da muka wuce Ambursa, titi ya miƙe babu kowa, sai muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Bashiru. Taka ta."

"Baba, jikinka..."

"Na ce taka ta."

Bashiru ya taka. Ta zabura. Kawu ya fashe da dariya irin ta yara, yana yi yana tari, hawaye na bin gefen idonsa. Da aka sassauta, ya lalubo wuyan hannun Bashiru ya riƙe.

"Ta hi tawa gudu. Ta hi ta daɗin zama, bayana bai ciwo. Tun ran harko na sani." Ya numfasa. "Ran da ka aje ta kusa ga tawa, sai ni ga an aje ka kusa gare ni, sabo kusa ga tsoho. Haushi ni ji, ba komi ba. Na gode, Bashiru. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka mai yi maka."

Kuka ya ƙwace wa Bashiru. Kafaɗunsa suka fara rawa, motar ta ɗan karkata.

"Kai, diba hanya!" in ji Kawu. "Kada ka kashe ni kahin lokacina."

Bai daɗe ba bayan haka ya rasu, a ɗakinsa, kansa a cinyar Bashiru. Emeka ya rufe shago ya zo ya zauna a tabarmar makoki tare da mu har aka share, ba wanda ya kai shi kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Attahiru. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya zuciyar Inna Hajo da ta Bashiru. Mu da ya yi rainonmu da faɗa da dariya, Allah ya sada mu da shi a gidan aminci. Amin.