Nisabin 'Yan Besbol

Ko tsufa ya ci ni har na manta sunayen jikokina, ba zan manta makon da lissafin wasan da ban taɓa kallo ba ya kusa fitar da ni daga Jidda ba.

Lokacin ina akanta a wani ofishi a unguwar Bagdadiyya. Kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, wani amininsa a Amurka ya ja shi ya zuba jari a ƙungiyar besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda. Kafilin nawa ya dire mini takardu ya ce in haɗa albashin 'yan wasan. Akwai iyakar da aka yanka, ƙungiyar da ta haura ta sai ta biya haraji.

Na haɗa, na ga sun haura kaɗan. Ni kuwa ɗan gidan malamai, ina ganin iyaka na ce ai nisabi ne: dukiya in ta kai, daga dukkanta ake fitar da zakka. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin ji nake babu ya ni. Na ɗora harajin a kan albashin gaba ɗaya.

Kafilina yana ganin adadin idonsa ya kaɗa. A gabana ya kira aminin ya ce masa macuci, wai ya ɓoye masa asara. "Halas, shi ke nan!" Ya kashe waya.

Bayan kwana biyu ina sake duba takardun sai ga layin da na tsallake: rarar da ta haura iyakar kaɗai ake wa haraji. Saura kwana goma iƙamata ta ƙare, ga mata da 'ya'ya uku duk a kanta, yaran ko ƙasarmu Sudan ba su taɓa gani ba. Na koma gida a unguwar Hindawiyya ko loma na kasa kaiwa baki.

Da na gaya wa matata abin da ya faru, ta ce, "Baban yara, in ka yi shiru, bawan Allahn can har abada macuci ne. Yalla, je ka faɗa. In komawa ce mu koma."

Da safe na tsaya gaban kafilina, na kira shi baffa da Larabci. "Ya ammi, kuskuren nawa ne." Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin wanda zan sayar wa firij. Can ya miƙo waya. "Da bakinka za ka gaya masa."

Na gaya wa aminin nasa. Mutumin ya saurara tsaf, ya ce, "Shekara ashirin muna tare, takarda ɗaya ta ishe shi ya kira ni macuci?"

An sabunta mini iƙama ana gobe za ta ƙare, amma su biyun ba su sake shiryawa ba, kuma har yau abin yana cina. Tun daga nan, abin da ban sani ba, ko ya yi kama da wanda na sani, sai na tambaya kafin in sa hannu.