Gwaggo Hansai da Kitson Bahaguwa

Tun kafin hantsi ya ɗaga za ka tarar da Gwaggo Hansai a gindin ɗinyar tsakar gidanta a Mahuta, ta jiƙa karkashi a ƙwarya, ga kaskon man kaɗe a gefe. Daga nan sai yara mata su fara shigowa, wata da kuka, wata uwa na janta. Haka take tun muna ƙanana. Bana hannu ya fara rawa, ta ce ta ajiye tsinke. Na ji masu cewa wai tsefe kan yara har wani aiki ne da za a tsaya yi wa jinjina. To, su saurara, ko suna so ko ba sa so.

Mu dai mun san yadda ake yi wa yara a gidajenmu. A danne yarinya tsakanin cinyoyi, a kafa mataji tun daga tushe, gashi a bushe ƙamas, a fizga. Ta yi ihu a sakar mata ranƙwashi. Gwaggo ta tsani wannan kamar me. Ita sai ta shafe kan da yauƙin karkashi ya yi laushi, ta kama ɗan kaɗan ta riƙe tushensa gam don kada fata ta ji ja, ta fara warwarewa da yatsu daga ƙarshen gashi, tana yin ƙasa a hankali. Mataji sai can daga baya. In yarinya ta gaji, an tashi ke nan, ko da rabin kai a tsefe. Uwa ta yi mita, Gwaggo ta ce, "Kanki ne? Je ki dawo gobe."

Amma abin da ya sa na tsaya yau, shekarar nan ce da mahara suka faɗa wa ƙauyukan yamma ana tsakar girbin dawa. Bayan ƙura ta lafa, mafarauta suka riƙa tsinto yara a daji suna kawowa ƙofar mai gari. Masu iyaye aka zo aka kwashe su. Cikin waɗanda suka rage akwai wata 'yar ƙarama, ba ta daɗe da yaye ba, tsoro ya ɗauke mata magana ɗungurungum. Ba a san sunanta ba, ba a san garinsu ba. Gashinta irin mai yawan nan ne mai nannaɗewa, ya dunƙule ya yi gizo, ga ƙarangiya, ga ƙwarƙwata, ga gyambo a ƙasa.

Mai gari ya ce Labo wanzami ya aske su duka, wanda kuma ba a zo nema ba zuwa ranar kasuwa zai bi ayarin hatsi zuwa birni. Kowa ya san yaron da ya tafi haka, sunansa bawa.

Labo ya wasa aska, ya kamo kan yarinyar, sai ga Gwaggo ta ratso mutane ta janye ta.

"Gwaggo, sake ta," in ji Labo. "Umarnin mai gari ne, ba nawa ba."

"Labo, ni na yi wa uwarka kitson aure. Mai da askarka zabira."

Ta durƙusa gaban mai gari, yarinya na maƙale da zanenta. "Ranka ya daɗe, tsagar fuskarta irin ta rabin ƙasar nan ce, bakinta kuma ya rufe. Kan nan kaɗai ya rage mata. Wata uwa ce ta kitsa shi, kuma ƙarƙashin wannan gizon akwai hannunta. In an aske, wa zai gane ta?"

Mai gari ya ce, "Zuwa ranar kasuwa, Hansai. Ban ƙara miki ko yini."

Kai, an sha magana a garin nan! Mata suka ce ga guru a ƙugun yarinyar, 'yar Maguzawa ce, ina ruwan Hansai da 'yar masu tsafi? Wasu suka hana 'ya'yansu zuwa gidanta. Gwaggo ta ce, "Ƙwarƙwatar ba ta tambayi addininta ba, ni ma ban tambaya. Wadda ta ga dama ta riƙe 'yarta."

Ranar farko yarinyar ko taɓa kanta ba ta bari an yi ba, har cizo ta kai wa Gwaggo a hannu. Gwaggo ta goya ta, ta ba ta kunu, ta ƙyale ta. Washegari ta samu ta shafa karkashi. Daga nan aka shiga aiki, ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ƙulli bayan ƙulli, gyambo ana wanke shi da ruwan bagaruwa. Ranar kasuwa na matsowa, maƙwabciyarta Barakatu ta ce, "Haba Gwaggo, sa mataji ki fizge a huta mana, lokaci na tafiya!" Ta ƙi. Ta ce in ta fizga, abin da take nema zai tsinke tare da gizon.

Ai kuwa ta same shi. Can a ƙeya, ƙarƙashin dunƙulen, ga wani ɗan siririn kitso da bai warware ba, an saƙa shi da jan zare, kuma ya kwanta ne ta hagu. Bahaguwa ce ta kitsa shi. Gwaggo ba ta taɓa shi ba. Ta kitse sauran kan ya yi sama, ta bar wannan a fili yadda mai ido zai gani.

Ranar kasuwa ta ɗauki yarinyar ta zauna da ita a layin masu daddawa, inda matan Maguzawa ke sauke kaya, ta juya ƙeyarta ga hanya. Azahar ta yi, shiru. La'asar ta kawo jiki, an fara ɗora wa jakuna mangala, Labo ya zo ɗaukar yarinyar, idonsa a ƙasa.

"Kasuwa ba ta watse ba," in ji Gwaggo. "In za ka ɗauke ta, haɗa da ni."

Suna cikin haka wata tsohuwa ta zo wucewa, ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar matan Maguzawa. Ta wuce, ta dawo, ta sunkuya kan ƙeyar yarinyar. Sai ƙwarya ta suɓuce.

"Wayyo ni! Hannun Mairo ne. 'Yata ce bahaguwa!" Ta kama fuskar yarinyar ta juyo da ita. "Ladidi!"

Yarinyar da ba wanda ya taɓa jin muryarta a Mahuta ta buɗe baki ta ce, "Kaka." Mairo kam ba ta dawo ba har yau. Amma jakuna suka tafi ba Ladidi.

Gwaggo, ke ce kika tsaya tsakanin aska da marainiya, ke kaɗai, gari guda na zunɗenki. Maroƙi bai taɓa kiran sunanki ba, ke ma ba ki nema ba. Hansai mai sanyin hannu, mun gode, Allah Ya saka miki. Ku kuma iyaye, ku ji da kyau: ku jiƙa kafin ku taje, ku fara daga ƙarshen gashi, ku daina dukan yaro don ya ce da zafi. Da zafin ne. In kuma an kawo ɗan da ba a san mai shi ba, kada ku yi saurin miƙa shi.

Wanda har yanzu yake ganin ba aiki ba ne, ya leƙa gindin ɗinya ranar kasuwa. Zai ga wata mata da goyo ta taso tun daga ƙauyensu, ta zaunar da Gwaggo a gabanta, tana shafa wa furfurarta karkashi. Ladidi ce. Ita ma bahaguwa ta fito, kamar uwarta. Ku dubi ƙeyar Gwaggo in ta juya, kitson ta hagu ya kwanta.