Ƙauyen da Aka Kushe Don Alheri

A shekarun da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Madawa. Akwai abokina, tsarana ne, benci ɗaya muka zauna. Ɗan fatake ne, ya gaji ƙafa a wurin ubansa, ya sami alƙalami a wurin Nasara, ya rasa wanda zai bari, sai ya haɗa su. Yakan tafi ya kewaya Adar, ya dawo ya rubuta abin da ya gani: inda rijiya take, kasuwar da ke ci ran kaza, hanyar da jaki ba ya iya hawa. Ajami a dama, boko a hagu. Muna buga shi a farantin lakwal mai danƙo, da tawada shunayya wadda ba ta fita a yatsu sai an yi mako. Shi yana kiran takardar mujalla. Ni da na karanta littattafai na san girman kalmar ya fi takardar, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Ba ya karɓar kuɗi. Mai so ya kawo tiyar hatsi, a zuba a rumbun da ya gina bayan gidansu, zawarawa da baƙin da guzuri ya ƙare musu su ɗiba. Shi kansa ba ya tsayawa wurin, wai kada su ji kunya.

Wata kaka ya sauka wani ƙauye bayan Tabotaki, suka yi masa karɓar da bai taɓa gani ba. Ya dawo ya rubuta yabonsu: rumbuna maƙil a ɓoye cikin kwazazzabo, dawa har ta shekara uku, fura da nono. Ban taɓa ganin rubutunsa ya yi kyau haka ba. Takardarsa ta ƙarshe ya ƙarar a kai, ga shi ba a samun wata ko a Buza.

Kafin a raba, ya ce mu kai wa maigarin ƙauyen ya fara ji, don girmamawa. Ya karanta a zaure. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana," in ji shi, "kumandan na da mai karanta mishi wagga takarda?"

Abokina ya ce tafintan kumandan, Banasaren da ke mulkin yankin, na karɓar guda kullum.

"To mi munka yi maka? Mun ba ka hura, kai ko za ka kawo muna gardi da raƙuma."

A lokacin gardi, wato dogaran Nasara, suna kwasar hatsi gari gari da sunan yaƙi. Mu biyu mun san haka sarai, daɗin jimla ne ya rufe mana ido.

Abokina bai yi gardama ba. Ya ce, "Baba, a ara mini murhu." Ya cusa takardun duka a wuta, matar maigari ta dama kunu da aikin wata guda.

Da muka koma ya roƙe ni tsofaffin takardun yarana, ya buga a bayansu. Ya ce ƙauyen duwatsu ne zalla, ruwansu ɗaci, karnukansu sai haƙarƙari, matafiyi ya riƙo guzurinsa ko ya sake hanya. Ƙarya ɗaya ke nan da na san ya buga, kuma nahawunta ba aibu.

Gardi suka bi ta Allakaye, ba su hau dutsen ƙauyen ba. Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke da wuri, mutanen suka ci abin da suka ɓoye, har suka aiko da kaya biyu rumbunsa.

Manzon da ya kawo ya ce a ƙauyen duk ran kasuwa sai an sa a karanta musu zagin, suna dariya. Sai dai maigari na da ƙorafi ɗaya: maganar ruwa da duwatsu ya yarda, amma karnukansu ba su rame haka ba.