Kaset ɗin Inna Tomiko

Shekara talatin da ɗoriya Malam Rufino Agbayani ya yi yana koyar da tarihin Amurka na zamani a sakandaren garinmu, nan tsibirin Hawaii, kuma ba wanda zai ce ga ranar da ya buɗe littafin da aka ba shi. A wajensa littafi ɗan aike ne, ji ya yi ya zo yana faɗi. Shi tsofaffin hotuna yake kawo wa yara, da jaridun da suka yi ja, da kaset-kaset na muryar mutanen da abin ya faru a idonsu. Kowace shaida kuma sai an yi mata tambaya uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake so da ya faɗa.

Ran Juma'a yakan ajiye kujera a gaban allo, ya ɗauko wani tsoho daga cikin gari ya zaunar. Yau wanda ya je yaƙin Koriya, wata Juma'ar wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a saran rake. Tsofaffin nan su ne abokansa, ba shi da wasu. Bai yi aure ba, danginsa sun watse tun da kamfanin sukari ya rufe, in ka wuce gidansa silifas ɗinsa kaɗai za ka gani a bakin ƙofa. Mutuwa kuwa ba ta jiran a gama zangon karatu. Ta yi ta ɗauka, har ya rage saura Inna Tomiko Nakasone.

Ita tana budurwa ta dafa wa ma'aikatan rake abinci a babban yajin aikin 1946. Duk Lahadi Malam Rufino zai dafa shinkafa da kifi, ya rataya tsohuwar rikodarsa, ya nufi gidanta.

"Kai da wannan akwatin naka!" in ji ta. "Labarin nan na ba ka shi ya fi a ƙirga."

"Akwai inda bai fito sosai ba, Inna."

"Kunnenka ne bai fito ba. Cire takalmi ka shigo."

Sai ya danna rikoda, su ci, ta yi ta zuba. A aji kuwa wurin yajin aikin kawai yake kunna wa yara. Farkon kaset, inda ake ƙarar cokula da surutun cin abinci, yakan tsallake shi, ya ce ba tarihi ba ne.

Wata Lahadi ya tarar da kwalaye a falon Inna Tomiko. 'Yarta ta zo daga birnin Las Vegas, can ƙetaren teku, ta ce tsohuwa ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba, tafiya za ta yi da ita. Gaskiya ce, kuma ba shi da bakin musu, don shi ba ɗa ba ne, ba ƙane ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Iyakar abin da ya iya roƙo shi ne a bar ta ta zo aji Juma'ar ƙarshe.

Ta zo da sandarta, ta zauna, ta ba da labarin tukwanen shinkafa da maharban da suka riƙa kawo naman daji. Da ta gama, wata ɗaliba mai suna Noelani ta ɗaga hannu.

"Kaka, mun san wa ya faɗa, mun san yaushe. Saura ta uku. Me kike so da kike ba mu labarin nan duk shekara?"

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Ni? 'Yar nan, yajin aiki ya ƙare tun ba a haifi ubanki ba, me zan nema a ciki? Wannan malamin naku nake tausayi. In na ce labari ya ƙare, a tsaye zai riƙa cin abincin Lahadi, shi da bango."

Aji ya kece da dariya. Malam Rufino ya yi murmushi, ya juya ya hau goge allon da ba a rubuta komai a kai ba.

Ran Lahadi hannunsa ya auna shinkafar mutum biyu kafin ya tuna ta tafi. Ya zuba nasa, ya tsaya a kicin da kwano a hannu, sai kuma ya ja kujera ya zauna. Ya ɗauko kaset ɗaya, ya mayar da shi can farko, wurin da yake tsallakewa, ya danna.

Cokula suka yi ƙara. Sannan muryarta ta fito, tana faɗa-faɗa kamar kullum: "Rufino, bar akwatin nan ka ci tun bai huce ba."

"To, Inna," in ji shi. Ya ɗauki cokali.