Sunan da Iya Hajo Ta Kira

Na yi aikin zaɓe sau da dama kafin in yi ritaya, har ranakun sun gauraye a kaina. Amma ban taɓa mantawa da ranar zaɓen raba gardama da aka tura ni wani ƙauye a gefen kwarin Tarka ba, a farkon shekarun casa'in, lokacin da aka kawo wa jama'a sabon kundin tsarin mulki su ce I ko A'a. Ku matasan da za ku riƙe rumfunan zaɓe a bayanmu kuna yawan tambayata abin da ya fi wuya a aikin nan. To, ga labarin ranar.

A lokacin ina saurayi, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, kowa Mushe Habibu yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. Duk sanda na je Damagaram sai na dawo da ƙananan littattafan soyayyar nan da ake kawowa daga Kano. Su suka koya mini cewa ƙauna sai an furta ta: a kira sunan masoyi, a sake kira, har hawaye su zubo. Ko ranar tafiyar nan sai da na cusa guda biyu cikin bargona.

Kafin zaɓe an tara mu a Tanut, shugaban gundumar, wanda jama'a ke kira kwamanda, ya yi mana bayani. Wannan zaɓe ba na mutum ba ne, babu hoton kowa. Takardu biyu ne, ta I da ta A'a, kowace da launinta. Mai zaɓe ya ɗauki duka biyun da ambulan, ya shiga bayan labule, ya sa wadda yake so a ciki, ya yar da ɗayar cikin buhu, ya fito ya jefa ambulan a akwati, a dangwala masa tawada a yatsa. Wanda sunansa ke cikin jerin masu zaɓe amma ba shi da wata takardar shaida, sai ya kawo mutum biyu na wannan rumfar, masu katinsu, su shaide shi.

“Kuma da baki ake shaida,” in ji kwamanda. “Mai shaida ya tsaya gabanku ya ce wannan wane ne, ɗan wane. Gyaɗa kai ba shaida ba ce.”

Ni aka ba shugabancin rumfar. Sakatarena Malam Sale ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, ɗan yankin, mai barkwanci amma ba ya sassauci a kan doka. Akwai kuma Madam Rabi, ungozoma, ita ke kula da layin mata da kwalbar tawada. Ajin zana muka samu, muka rataya bargona a kusurwa ya zama labule.

Tun da safe mutane suka cika wurin, manoma da makiyaya. Kusan kowa sai ya sunkuyo ya ce, “Mushe, wacce ce tamu?” In ce ba ni da ikon faɗa. Wani dattijo ya juya takardun biyu a hannunsa ya tambaye ni ko cikinsu akwai wadda ke sa ruwa ya sauka da wuri. Malam Sale ya ce, “Baba, da akwai, ai da ni na fara kwashe su.” Aka yi ta dariya. Abu ɗaya ne ya ɓata safiyar. Wani saurayi ya zo da shaida guda, muka mayar da shi. Kawunsa ya yi ta faɗa, daga baya ya zauna ƙarƙashin aduwar da ke bakin ajin, ya ce zai ga ko haka za mu yi wa kowa.

Bayan la'asar, layi ya yi sauƙi, sai ga wani mutum dogo, gemunsa ya yi furfura, da tsohuwar jaka a kafaɗa. Ya cire takalma a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Ya ce sunansa Yakuba ɗan Malam Abdu. Malam Sale ya duba, ya samu sunan, don ba a taɓa cire shi daga gidan ubansa ba. Na tambaye shi kati. Ya ce an karɓe masa takardunsa duka a hanya.

Wani tsoho ya biyo shi, Baba Tanko mai haƙar rijiya, shi ya ba ni sauran labarin. Yakuba ya bar garin tun bayan babban farin da ya cinye dabbobi, ya yi arewa neman aiki, har Libiya. Kusan shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba. Jiya da yamma motar Agadas ta sauke shi a bakin hanya, ya ƙaraso da ƙafa.

Na ce masa, “Malam Yakuba, jiya ka sauka, ko gajiya ba ka huce ba. Ka ma san abin da ke cikin kundin?”

Ya ce, “Ban sani ba sosai, Mushe. Na dai ji a rediyon motar ana karanta wasu wurare. Amma a can inda na fito ba wanda ya taɓa tambayata me nake so. Ko sunana ba a kira, kai ne kawai, kai zo, kai tafi. Na ji an ce yau ƙasa ce ke tambayar 'ya'yanta. In ina cikinsu, a tambaye ni.”

Baba Tanko ya miƙa katinsa ya ce, “Wannan Yakuba ne ɗan Malam Abdu. Tabon nan na goshinsa a bakin rijiyata ya same shi.” Shaida ɗaya ke nan.

Ta biyun ce ta gagara. Sa'o'insa farin ya watsa su, wasu Kano, wasu Arlit, wasu ƙasa ta rufe. Tsofaffin da suka san shi su ma ba su da kati, da shaidu suka yi zaɓe. Wani matashi ya taso da katinsa ya ce shi zai yi. Malam Sale ya dubi katin ya ce, “Kai da kake goye sanda ya tafi? A bayan uwarka ka san shi?” Matashin ya koma yana sosa ƙeya.

Sai Baba Tanko ya ce, “Akwai mutum ɗaya mai kati. Sai dai ba za ta yi ba.”

Uwar Yakuba yake nufi, Iya Hajo. Na tuna ta, da safe ta yi zaɓe, ƙaramar tsohuwa mai baƙin zane, katinta ya ce an haife ta wajejen shekarun alif ɗari tara da ashirin. Yakuba shi ne ɗanta na fari. Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in bayyana: a wurin iyayenmu na da, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta ko kallonsa ido da ido. Haka sunan miji ma ba ya fita bakinta. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutuncin mace. Baba Tanko ya ce jiya da Yakuba ya yi sallama, bayan duk shekarun nan, tsohuwar ta tashi ta shige ɗaki, daga ciki ta ce, “A ba baƙon nan ruwa.”

Duk da haka na aika a kira ta. Ta zo ta tsaya gaban teburina, ta ba ɗanta gefe, idonta a kan akwatin zaɓe.

Na ce, “Iya, kin san mutumin nan?”

“Na san shi.”

“Wane ne?”

“Ai ga shi kana gani.”

“Sunansa muke so, Iya.”

“Wanda ke takardarku, shi ne.”

Malam Sale ya ce, “Iya, takarda ba ta magana. To ɗan wa ne?”

Ta ce, “Ɗan mai gidan nan namu da ya rasu.”

Matan da ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya, wata ta ce, “Sale, suna biyu kake nema a bakin da bai taɓa faɗin ko ɗaya ba!” Madam Rabi ta matso ta dafa ta, ta ce ta raɗa mata a kunne, ba wanda zai ji. Iya Hajo ta ce, “'Yar nan, ko a kunnenki na faɗa, ai na faɗa ke nan.”

Na ja Malam Sale gefe na ce, “Kowa ya san uwarsa ce. Mu karɓa haka.”

Ya nuna mini aduwa da haɓa. “Ga kawun yaron da muka kora can yana kallo. In muka karɓi wannan, me za mu ce masa? Ni ma tausayi nake ji, Mushe, amma doka ɗaya aka ba mu.” Gaskiyarsa ce, na kuma sani.

Na koma kujerata, zuciyata ta yi nauyi, don ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata tana Gangara, kuma tun da na fara aiki “wancan na Tanut” take ce mini. Na dubi Yakuba. Ba akwatin yake kallo ba. Bakin tsohuwar yake kallo ta gefen ido, kamar yadda manomi ke kallon gabas a farkon damina. A nan na gane ba ƙuri'a kaɗai ya zo nema ba.

Rana ta yi ƙasa, lokacin rufe rumfa ya matso. Tsohuwar ta buɗe baki, ta rufe.

Sai Yakuba ya matso. Ya ce, “Mushe, ku bar ta. Inna ba ta yi laifi ba. Abin da ta riƙe tun kafin in yi wayo, ba don takarda ɗaya zan sa ta zubar da shi gaban mutane ba. Na haƙura. Allah ya ba da sa'a.”

Ya sa takalmansa, ya gyara jakarsa, ya fita. Amma bai nufi cikin gari ba. Gabas ya yi, ta 'yar hanyar da ke kaiwa bakin titin mota. Baba Tanko ya ce a hankali, “Ta nan ya bi wancan karon.”

Iya Hajo ta juya. Karon farko ke nan da na ga ta kalle shi sosai, bayansa take kallo, da jakar. Ta taka zuwa ƙofa, ta kama zana da hannu ɗaya.

“Yakuba!”

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake ɗaga murya, “Yakuba! Ina kuma za ka?” Sai ta rufe bakinta da gefen zane.

Ya tsaya cak. Bai juyo nan take ba, na ga kafaɗunsa na motsi. Da ya dawo, ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa, ya ce, “Kabarin Baba za ni, Inna. An ce mini ta can yake. Jakar kuwa na saba ne, a can ba a ajiye ta.”

Malam Sale ya share ido da hannun riga, ya gyara murya ya ce, “To, na ji ɗaya. Uban fa?”

Tsohuwar ta ce, “Kai Sale, ka ji tsoron Allah. Ɗaya bai ishe ka ba?”

Daga ƙarƙashin aduwa kawun saurayin nan ya ɗaga murya, “Ku bar shi ya jefa! Wannan shaidar har Tanut an ji ta.” Malam Sale ya dube ni, na ce masa ya rubuta.

Na miƙa wa Yakuba takardun biyu da ambulan. Ya shiga bayan bargon ya daɗe, har Madam Rabi ta ce ko barci ya yi. Ya fito idanunsa jawur, ya jefa, aka sa masa tawada. Ya yi ta kallon yatsan. Ban san abin da ya zaɓa ba, ban kuma tambaya ba. Kafin nan Iya Hajo ta sulale gida. Muna fara ƙirga sai ga maƙwabciyarta da saƙo: wai a gaya wa baƙon nan tuwo na hucewa.

Da na kai akwatin Tanut, na nemi izini na wuce Gangara. Mahaifiyata tana tankaɗe na yi sallama. Ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwata, “Wancan na Tanut ne? A ba shi ruwa.” Na yi kwanaki a gida. Ranar komawa na rataya jakata, na fita a hankali, ina jan ƙafa har bakin gari, kunnena a baya. Ba ta kira ba. Da na isa Tanut na buɗe jakar, na tarar da ƙullin kilishi da ban san sanda ta sa ba. Har Allah ya karɓi ranta ban ji sunana a bakinta ba. Littattafan nan ma daga baya na rage karanta su, don ban samu irin wannan a cikinsu ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, doka a rumfar zaɓe ɗaya ce ga kowa, kuma Malam Sale ya yi daidai da ya tsare ta. Amma kada ku yi wa mutane gaggawa. Wanda ya tsaya gaban teburinku ba don I ko A'a kaɗai ya zo ba, ya zo ne a ce an san shi, shi ma ɗan nan ne. Shi ya sa a duk zaɓen da na yi bayan wannan, ban taɓa ce wa mai zaɓe “kai” ko “ke” ba. Ina duba katin, in ɗaga kai, in kira sunan da kyau yadda zai ji. Ban san wanda ya daɗe yana jira a kira shi ba.